Me ya sa aka soke wa 'yata madara? Amsa kan haɗin bai-ɗaya da haɗin gambiza a cikin abincinmu

Tambaya: Malam, ina sana'ar kunun zaƙi da zoɓo a nan Agege. 'Yata tana aji ɗaya na babbar sakandare. An ba su aikin gida a darasin kemistiri, aka ce su raba abinci gida biyu, homojiniyos da hetarojiniyos. Ta sa shayi da zoɓo da madara a gida na farko, ta sa fura da nono da shinkafa da wake a na biyu. Malaminsu ya ba ta maki a duka, madara kaɗai ya soke. Ta dawo ranta a ɓace, ta ce ai madara fara ce fat daga sama har ƙasa. Ni ban yi boko mai zurfi ba. Wa ke da gaskiya, kuma yaya ake ganewa?

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ya ƙara mata son karatu. Malaminta yana da gaskiya, amma ita ma ba shirme ta yi ba. Ta yi hukunci da abin da idonta ya nuna mata, ido kuwa a wannan babin yana da iyaka. Na daɗe ina koyar da kemistiri a nan Legas, kuma kusan kowace shekara a kan madarar nan ɗalibai masu ƙoƙari suke tuntuɓe. Abin da zan nuna miki shi ne, yawancin wannan ilimin yana hannunki tun tuni, sunansa ne kawai ba a gaya miki ba.

Kalmomin biyu daga Girkanci aka aro su. Ta farko tana nufin iri ɗaya, ta biyu tana nufin iri daban-daban. Ni a aji nakan ce wa yaranmu haɗin bai-ɗaya da haɗin gambiza. Haɗi shi ne abu biyu ko fiye su cakuɗa ba tare da sun rikiɗa sun zama wani sabon abu ba. Sukarin da ke cikin shayi yana nan a sukarinsa, in aka ƙafar da ruwan za a same shi. Haɗin bai-ɗaya shi ne wanda duk inda kika ɗiba, sama ko ƙasa ko tsakiya, kuma komai ƙanƙantar ɗibar, abin da za ki samu ɗaya ne, a gwargwado ɗaya. Haɗin gambiza kuwa yana da sassa, wani wurin ya fi wani wurin wani abu. Ki riƙe wannan maganar ta "komai ƙanƙantar ɗibar", domin a kanta rigimar madara take.

Mu fara da kularki. Da safe kin ɗura kunu da zoɓo a goruna, kin jera su cikin ƙanƙara. Kafin azahar ki ɗago gorar kunu ki duba ta a haske: farin gasara ya kwanta a gindi kamar yatsa biyu, sama kuma wani tsinkakken ruwa ne mai ɗan duhu. Duk wanda ya saya, ɗan acaɓa ne ko kwandastan danfo, kafin ya murɗe murfin sai ya girgiza. Ba wanda ya koya masa, harshensa ne ya gaya masa cewa in bai girgiza ba kurɓin farko salam zai ji shi, na ƙarshe kuma ya yi kauri har ya maƙale a wuya. To ki ɗago gorar zoɓon da aka tace da kyau. Ja ne daga wuya har gindi, zaƙin kurɓin farko shi ne na ƙarshe, kuma ba mai girgiza shi. Kin ga gwaji biyu ke nan a lokaci guda: a ɗiba daga wurare daban-daban a kwatanta, sannan a ajiye a ga ko wani abu zai kwanta ko zai taso.

Me ya sa gasara ke kwanciya sukari bai kwanciya, alhali duka biyun a ruwa ɗaya suke? Girman ƙwaya ne. Idan sukari ya narke, ba niƙewa yake yi ya zama gari mai laushi ba, wargajewa yake yi ɗaiɗai har zuwa ƙwayarsa ta asali, wadda girmanta bai wuce nanomita 1 ba. Nanomita kuwa, ki ɗauki milimita ɗaya, wato ƙaramin zanen nan na jikin rula, ki raba shi gida miliyan. Abu mai wannan ƙanƙanta, ƙwayoyin ruwa da ba sa daina motsi suna ta tunkuɗarsa ta kowane gefe, nauyinsa bai isa ya kai shi ƙasa ba ko da gorar za ta shekara. Ita kuwa ƙwayar sitacin dawa ko gero ta ninka ƙwayar sukari sau dubbai. Ruwan sanyi bai narkar da ita, rataye kawai take a ciki na ɗan lokaci, da motsi ya lafa sai ta sauka. Da wannan halin nata ne kike aiki idan kin bar ƙullu ya kwana, da safe ki tsiyaye ruwan sama ki kwashi gasararki. Masana sun ja layi a kan haka: abin da ƙwayarsa ba ta kai nanomita 1 ba narkakke ne, abin da ya haura nanomita 1000 mai kwanciya ne, abin da ya faɗa tsakani kuma shi ne mai rikita ɗalibai.

Gwaji na uku shi ne tata, kuma ba sai na koya miki ba. Abin tata yana riƙe dusa, rariya tana riƙe tsaki. Amma ko da ƙyalle goma kika ninka, ruwan sukari zai wuce da zaƙinsa, ruwan gishiri zai wuce da gishirinsa. Abin da ya narke ba a kama shi da tata, sai dai a ɗora a wuta ruwan ya tashi ya bar shi a gindin tukunya. Jiƙon kanwa yana nuna duka biyun a kofi guda: ƙasa da yashi sun kwanta, ruwan da kika tsiyaya garai-garai yake, amma kanwar tana cikinsa.

Yanzu ga madara. Ta tsallake gwajin ido, ta tsallake gwajin tata, madarar gwangwani ma takan tsallake gwajin ajiya. To me zai kama ta? Haske.

Daren da aka ɗauke wuta, ku samu kofin gilashi biyu masu tsabta. Ku cika su da ruwa mai kyau. A ɗaya ku narkar da cokalin sukari har ya ɓace, a ɗayan ku ɗiga madara ɗigo uku kacal ku juya. Ku huda takarda mai kauri da tsinke, ku rufe fitilar waya da ita yadda hasken zai fito siriri, sannan ku haska ta gefen kowane kofi, ku kuma ku tsaya kuna kallo daga gaba. A kofin sukari hasken zai shiga ya fita ba ku ga sawunsa a cikin ruwan ba. A kofin madara za ku ga hanyarsa a miƙe kamar an ja zare, fari-fari mai ɗan shuɗi. Ranar da na fara yin wannan a aji, sai da muka rufe tagogi da jakunkunan makaranta, wata yarinya da ke zaune a gaba ta matso har hancinta ya kusa taɓa kofin, ta ce, "Malam, ashe akwai abu a ciki!" Akwai kuwa. Haske ba ya bayyana a tsakiyar ruwa sai ya ci karo da wani abu da zai warwatsa shi. Abin da kike gani ke nan idan rana ta leƙo ta hudar kwano ta faɗa ɗakin da aka yi shara, ko fitilar mota ta ratsa hazon hunturu. Wani masani ɗan ƙasar Ayalan mai suna John Tyndall ne ya yi nazarin wannan a shekarun 1860, shi ya sa ake kiran abin da sunansa. Irin wannan haɗin na tsaka-tsaki kuma sunansa koloid, sunan da Thomas Graham na Sikotilan ya raɗa masa a 1861 daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo.

Me ke cikin madarar da hasken ke karo da shi? Madarar saniya kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Akwai sukarinta na halitta, wajen kashi 5, shi kam narkakke ne sarai. Akwai furotin, sama da kashi 3 kaɗan, wanda yawancinsa ƙananan dunƙule ne da ke yawo a ruwan. Sai maiƙo, wajen kashi 3 zuwa 4, shi kuma ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo da 'yar fatarsa da ke hana shi haɗewa da ɗan'uwansa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ɗigon madara ba fari ba ne bai-ɗaya. Ruwa ne da ƙwallaye birjik suna shawagi. Farin nan ma da ya ruɗi yarinya, shi kansa shaida ne a kanta. Madara ta yi fari ne saboda waɗannan dunƙulen suna warwatsa duk hasken da ya faɗa musu. Da narkewa suka yi, da ana hango gindin kofi ta cikinta kamar yadda ake yi da ruwan sukari.

Kuma ba sai an je ɗakin gwaji ba. Duk Bafulatanar da ke tallar nono ta san cewa in aka tatso madara aka bar ta a ƙwarya, maiƙon zai taso sama, domin mai bai kai ruwa nauyi ba. In aka kaɗa, fatar ɗigon ta fashe, su manne da juna su zama man shanu. In kuma ta kwana ta yi tsami, furotin ɗin ya dunƙule ta zama kindirmo. Masu yin wara da ruwan tumfafiya suna raba ta gida biyu a gaban idonki, farin curi gefe, tsinkakken ruwa gefe. Ruwan sukari kuwa ki kaɗa shi daga safe har dare, babu abin da zai ware.

To me ya hana madarar gwangwani da ta kwali yin haka? A masana'anta ana matsa ta da ƙarfi ta wata siririyar kafa, ɗigon maiƙon su farfashe su yi ƙanana ƙwarai har su kasa tasowa. Wani Bafaranshe, Auguste Gaulin, shi ya ƙera na'urar a 1899. Sunan da aka ba wannan aikin, homojinaizeshan, tushensa ɗaya da kalmar homojiniyos, kuma ina ganin rabin ruɗanin ɗalibai daga nan ya samo asali: yaro ya karanta kalmar a jikin kwali, ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali ɗigon suna nan, ƙanƙancewa kawai suka yi.

Dole in faɗa miki gaskiya a nan: littattafai ba su haɗu a baki ɗaya ba. Wasu na ƙananan azuzuwa suna sa madara a bai-ɗaya, domin su a wurinsu ido ne ma'auni. Ni ra'ayina, kuma shi ne abin da ma'anar kalmar ke hukuntawa, koloid haɗin gambiza ne, tunda akwai sassa biyu da iyaka a tsakaninsu, ko da ido bai kai gare ta ba. Abin da nake gaya wa masu shirin WAEC da NECO shi ne, in tambayar rubutu ce kada su tsaya a kalma ɗaya, su rubuta cewa madara koloid ce, a ido kamar bai-ɗaya, amma ɗigon mai ne a cikin ruwa. In kuma ta zaɓi ce aka ce wanne ne bai-ɗaya, ga madara ga ruwan gishiri, to ruwan gishiri za su ɗauka ba tare da wani jinkiri ba.

Fura da nono da shinkafa da wake ba su da wahala, ga gaya ga ƙwaya ana gani, ta ci makinta. Garin kwaki da gyaɗa, dambu, fate, miyar taushe, duk layinsu ɗaya. Amma shayin da aka ba ta maki a kansa, da sharaɗi. Baƙin shayi da aka tace aka sa sukari, bai-ɗaya ne. Shayin mai shayi kuwa, wanda ya sha madara da Milo aka yi ta sheƙa shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, ya bar wannan gidan. Ki duba gindin kofin bayan an shanye, za ki ga baƙin guggubi, domin garin koko ba ya narkewa. Ko sukarin ma yana da iyaka: ruwa mililita 100 mara zafi yana ɗaukar sukari wajen giram 200, gishiri kuwa wajen giram 36 kawai. Abin da ya haura haka zai zauna a gindi, haɗin ya koma gambiza. Zoɓonki ma, in kin markaɗa abarba da ɗanyar citta kin zuba, ki haska shi, za ki ga sawun haske, kuma in ya jima za ki ga ɗan abu a gindi. Jan launin da tsamin da sukarin narkakku ne, ɓurɓushin abarba ne ya shigo da wani sashe.

Akwai wanda ya fi madara yaudara, shi ne yajin tsire. Ki tsaya gaban mai tsire a Obalende ki kalli tulin yajinsa, launi ɗaya, laushi ɗaya. Amma ki barbaɗa kaɗan a farar takarda ki matso da ido: ga jan barkono, ga ruwan ƙasa na ƙuli-ƙuli, ga ƙyallin gishiri, ga zaren citta. Duk dakan da aka yi masa da duk tankaɗen, kowace ƙwaya tana nan a matsayinta, kusa da juna kawai suke. Duk garin da aka haɗa da wani gari a bushe haka yake. Shi ya sa wani yankan ya fi wani gishiri.

Manja kuma darasi ne mai zaman kansa. A kasuwar Mile 12 za ki ga jarkoki a jere, sama ja wur mai gudu, ƙasa kuma mai kauri ruwan lemo. Na sha jin mata suna cewa an yi algus. Wannan rabuwar ita kaɗai ba shaidar algus ba ce. Manja mai iri biyu ne a haɗe, ɗaya yana daskarewa da wuri, ɗaya ba ya yi, da sanyi ya ɗan taɓa shi sai mai daskarewar ya sauka. Ki sa kwalbar a ruwan zafi ki gani, zai koma abu guda. Zuma ma haka: sukarin da ke cikinta ya fi ƙarfin ɗan ruwan da take da shi, wanda bai kai kashi 20 cikin 100 ba, don haka in ta daɗe wani sashe yakan fito ya yi yashi-yashi a gindi. Zuma ta gaskiya tana yin haka, kuma ina jin ciwon yadda ake mayar wa masu sayar da ita kayansu a kan wannan dalilin. A miya kuwa mai yana tasowa sama ne saboda shi da ruwa ba sa shiri sai da mai shiga tsakani. Maƙwabtanmu Ibo suna zuba ruwan kanwa a manja su juya, nan take ya yi kauri ya koma rawaya, su kwaɓa abaca, wato kwaɗon rogonsu, ko ƙafar saniya da shi. Kanwar tana mayar da ɗan sashen man wani abu mai kama da sabulu, shi ke riƙe mai a hannu ɗaya, ruwa a ɗaya hannun. A cikin mayonis irin Bama gwaiduwar ƙwai ce ke wannan aikin. Duka biyun sumul suke a ido, duka biyun 'yan gidan madara ne.

Abu ɗaya ma yakan sauya gida kina kallo. Lemon kwalba kafin a buɗe bai-ɗaya ne, iskar tana narke a ciki. Da an fasa murfi ta fito ta zama kumfa, an samu sassa biyu. Ruwan rijiyar wasu unguwannin Legas ma haka yake yi: a ja shi garai-garai da yamma, da safe a tarar ya yi ja, har ya ɓata gindin bokiti. Ƙarfe ne da ke narke a cikinsa, da ya sha iska sai ya zama tsatsa, tsatsa kuwa ba ta narkewa. Fiya wata da muke sha, duk da sunanta, a wurin kemistiri ba tsantsar ruwa ba ce, haɗin bai-ɗaya ce ta ruwa da 'yan gishirin ƙasa da iska.

Inda na fi so ki kula, Hajiya, ba a takardar jarrabawa yake ba, a kwalbar maganin yara yake. Irin garin nan da ake zuba wa ruwa har zuwa zane, kamar amoksisilin, ba narkewa yake yi ba, halinsa ɗaya da kununki. In aka ajiye ya kwanta. Uwar da ta zuba cokali ba ta girgiza ba, a kwanakin farko ta ba yaro ruwan sama wanda maganinsa bai kai yadda likita ya rubuta ba, a kwanakin ƙarshe kuma ta ba shi mai kaurin da ya wuce ƙima. Rubutun da ke jikin kwalba cewa a girgiza sosai, kowane sha ake nufi, ba ranar farko kaɗai ba. Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa kuwa so ake ya zama bai-ɗaya sosai, yadda kowane kurɓi zai zo da gishiri daidai da na bayansa. In ba a samu na ƙunshi ba, a lita 1 ta ruwa mai tsabta ana sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, shafaffu ba masu tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta juyawa har sai an ɗaga kofin a haske ba a ga ƙwaya ko ɗaya a gindi ba, kuma abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.